Gonar da Babu Mai Shuka Ta

A gaɓar tekun Gana wata uku ne ke ɗauke da nauyin shekara: Yuli, Agusta da Satumba. A cikinsu ne ruwan teku ke yin sanyi, launinsa ya sauya daga shuɗi garau zuwa kore mai duhu-duhu, jiragen masunta kuma su riƙa dawowa gaɓa maƙare da kifin nan da Fante ke kira eban, mutanen Ga ke kira kankama, mu kuwa a kasuwannin zango muka fi saninsa da amani. Mata su yi bandarsa a Elmina da Chorkor da Tema, a shaƙe kwanduna, manyan motoci su haura da shi Kumasi da Tamale da Bawku, har ya tsallaka iyaka. Mai saye a can arewa wataƙila bai taɓa ganin teku ba, amma miyarsa ta dogara da abin da ya faru cikin ruwan a waɗannan watanni. Abin da ke faruwa kuwa aikin wasu halittu ne da ido ba ya gani, kuma zuwan amani ko rashin zuwansa ya rataya ne a kan irin waɗanda suka bayyana daga cikinsu, da lokacin bayyanarsu, da girman jikin kowanne.

Sunan da masana suka ba waɗannan halittu shi ne filankiton. Wani Bajamushe, Victor Hensen na jami'ar Kiel, shi ya raɗa shi a 1887, ya aro shi daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke yawo ba da nufinsa ba. Duk abin da ke raye cikin ruwa amma ba shi da ƙarfin yi wa igiya gardama, inda ta nufa can zai je, to filankiton ne. Sun kasu gida biyu. Akwai na tsiro, masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda ganye ke yi a tudu, kuma duk ƙanƙantarsu su ke yin kusan rabin wannan aiki a duniya baki ɗaya. Akwai kuma na dabba, masu kiwo a kan na tsiro da kan junansu. Ƙwan kifi ma, da ɗan kifin da bai jima da ƙyanƙyashewa ba, suna cikin wannan gida na biyu har ranar da suka iya iyo da kansu. Ke nan amani da kansa filankiton ne a farkon rayuwarsa.

Mu 'yan zango ba masunta ba ne. Fatauci ya kawo kakanninmu kurmi, goro da shanu da tufafi, kuma ko da yake a Ankara, babban birnin Gana, na girma, harkar jirgi da koma ta Ga da Fante da Ewe ce. Namu shi ne saye. Amma mai saye ma yana da abin da yake gani. A gidan da na tashi nama na ranar biki ne ko ranar baƙo, amani kuwa na kullum ne: a daka shi a miyar kuka, a zuba garinsa a yajin shito, a soya ɗanyensa a ci da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami. An ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da mutanen Gana ke ci daga kifi yake fitowa. A tsakiyar shekarun 1990 ana kama amani fiye da tan dubu 100 a shekara. Zuwa 2016 abin bai kai tan dubu 30 ba. Kafin alƙaluman su iso kunnena, faifan mai talla ya riga ya gaya mini: kashin da take kasawa ya ƙanƙance, kifayen da ke cikinsa ma sun ƙanƙance. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin abin da amani ke ci, da abin da abincinsa ke ci.

Mafarin zancen shi ne sanyi. A mafi yawan shekara ruwan saman teku a nan ɗumi gare shi, digiri 27 zuwa 29, kuma ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka yakan kwanta a sama kamar mai a kan romo, ya hana na ƙasa tasowa. Duk abin da ya mutu a sama yakan nitse ya ruɓe, sinadaran jikinsa, naitiret da fosfet da silika, su taru can cikin duhu. Sai a wayi gari sama akwai haske babu taki, ƙasa akwai taki babu haske. Daga ƙarshen Yuni al'amarin ke juyawa. Igiyar Gini mai gudu zuwa gabas, da iskar da ke kaɗawa can tsakiyar Atlantika, da yadda gaɓar ta yi tsini a yammacin Takoradi, su ke haɗuwa su ɗago ruwan ƙasa zuwa sama. Zafin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 25, wani lokaci ya kusanci 20. Mazauna Ankara sun san wannan lokaci da jikinsu, domin Agusta ne watan da ake neman mayafi da dare alhali ruwan sama ya ɗauke. Wannan ɓuɓɓugowa ita ce kai taki gona. Akwai wata ƙarama da ke zuwa wajen Janairu, ta 'yan makonni kawai.

Waɗanda ke fara cin gajiyar takin su ne dayatom. Kowanne ƙwayar halitta guda ce tak, tana zaune cikin wani kwanso na silika, wato asalin abin da ake yin gilashi da shi, mai murfi da gindi kamar batta. Na taɓa samun damar leƙa ɗigon ruwan gaɓar Tema na watan Agusta ta madubin likita, abin da na gani kuwa ya yi kama da faifan mai sayar da kayan ado: wasu a jere kamar carbi, wasu kamar allura, wasu zagaye kamar kwabo mai zane, wasu da dogayen ƙayoyi da ke hana su saurin nitsewa. Idan taki ya wadata, dayatom na iya rabuwa biyu sau ɗaya ko fiye a yini, don haka cikin kwanaki kaɗan sai su rina ruwan. Su ne manya a cikin ƙanana, kuma suna tara mai a jikinsu. Sai dai ba su iya iyo, suna da nauyi, ba su kuma da haƙurin yunwa. Da zarar ruwa ya lafa, silika ta ƙare, sai su sulale ƙasa.

Daga nan fagen ya koma hannun wasu. Akwai masu bulala, waɗanda masana ke kira dainofilajelet, masu 'yan gashi biyu da suke kaɗawa. Da su suke nutsawa da dare su ɗebi taki, su taso da rana su sha haske, wasunsu ma idan abin ya tsananta sai su koma cin maƙwabta. Daga cikinsu ne ake samun waɗanda ke sa ruwa ya yi tartsatsin haske a daren duhu idan an motsa shi. Akwai wasu ƙanana ainun, irin su Prochlorococcus, wanda faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wanda sai a 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wa duniya shi. Ƙanƙantarsa ce makaminsa, don ɗan takin da ya rage a ruwan ɗumi ya ishe shi. Akwai kuma Trichodesmium, mai taruwa a saman ruwa kamar an watsa dusa, wanda ke iya kama naitirojin na iska ya mayar da shi taki, ya ci ya rage wa na kusa.

Wannan na ƙarshe yana da wata buƙata da ta haɗa shi da ƙasashenmu na arewa. Kama naitirojin aiki ne mai cin sinadarin ƙarfe, ƙarfe kuwa ƙaranci yake yi a ruwan teku, kuma babbar hanyar zuwansa wannan sashe na Atlantika ita ce ƙurar Sahara. Wani babban kaso na hazon hunturu da ke rufe Damagaram da Kano ya gangaro har Ankara daga kwarin Bodele yake tashi, a arewacin Cadi. Kwarin nan gindin tsohon Tafkin Cadi ne, tun zamanin da ya kai girman ƙaramin teku shekaru kimanin 7,000 da suka wuce, kuma farar ƙasar da ke shimfiɗe a wurin yawancinta kwanson dayatom ne na ruwan daɗi da suka mutu suka taru. Ƙurar da ke busar mana da leɓe, ashe, gawar filankiton jiya ce gauraye da ƙasa, tana kai wa na yau ƙarfe da fosfaras.

Duk wanda ya san gonar Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Manomi a Maraɗi ko Katsina yakan haɗa gero da dawa da wake a fili guda: gero ya nuna da wuri ya kori yunwar damina, dawa ta jira ta ci ragowar laimar ƙasa, wake ya bi ƙasa ya rufe ta, ya kuma ƙara mata ƙarfi ta saiwarsa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri gero ya fitar da gida kunya, shekarar da ya yi yawa dawa ta rama. Dayatom su ne geron teku, masu bulala dawarsa, Trichodesmium kuwa wakensa. A 1961 wani masani a jami'ar Yale, G. Evelyn Hutchinson, ya yi tambayar da ta shahara: ta yaya nau'o'i masu yawa haka ke zama a ruwa guda, suna neman haske guda da taki iri guda, ba tare da mafi ƙarfi ya kori sauran ba? Amsar da ya kawo ita ce ruwan ba ya tsayawa a hali guda har wani ya gama cin nasara. Kafin gwanin sanyi ya mamaye fage ɗumi ya dawo, kafin gwanin ɗumi ya miƙe ƙafa ruwan ƙasa ya taso.

A nan, mai karatu, akwai abin lura, don kada a ɗauka yawan iri a kowane lokaci shi ne albarka. Idan aka ɗebi ruwa a tsakiyar Agusta, lokacin da teku ya fi yalwa, za a tarar nau'o'i kaɗan ne suka cika kwalbar. A watannin ɗumi ne, lokacin ƙarancin abinci, ake samun nau'o'i masu yawa, kowanne 'yan kaɗan. Amfanin bambancin yana bayyana ne idan an dubi shekarar gaba ɗaya, da jerin shekaru. Teku na buƙatar a ce duk halin da ya shiga akwai wani iri da ke jira, wanda halin ya yi masa daidai. Wasu dayatom, idan taki ya ƙare, sukan ƙulle kansu cikin kwanso mai kauri su kwanta a laka watanni har shekaru, sai ruwan da ke tasowa ya sake ɗago su. Laka a nan ita ce rumbun iri. Muddin rumbun na ɗauke da iri daban-daban, ko shekara ta zo a karkace za a sami wanda zai tsiro. Idan ya koma iri biyu ko uku, ranar da yanayi ya saɓa musu babu mai karɓar aikin.

Na dabba ma haka suke karɓa-karɓa. Mafi yawansu kofefod ne, wasu 'yan dangin jatan lande da akasarinsu ba su wuce girman ƙwayar gero ba. Wanda ya fi muhimmanci ga amani a gaɓarmu shi ne Calanoides carinatus, mai tsawon milimita 2 zuwa 3. Ba a ganinsa kusa da gaɓa sai lokacin babbar ɓuɓɓugowa, domin ba ya jure ruwan da zafinsa ya haura digiri 23. Yakan zo ya ci dayatom ya hayayyafa, zuriya bayan zuriya cikin makonni. Idan ɗumi ya fara dawowa sai matasansa su cika jikinsu da mai, su gangara can ƙasa, zurfin mita 500 ko fiye, su kwanta babu ci har wata shekara. Duk lokacin da na karanta labarinsa gaiwa nake tunawa, wadda ke shigewa laka idan fadama ta ƙafe, ta rayu da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Bayan tafiyarsa ƙananan kofefod irin su Oithona da Oncaea, masu iya rayuwa da ɗan abin da ya samu, su ke riƙe da gidan, da su kuma ƙananan kifaye ke lallaɓawa har daminar teku ta zagayo.

Dalilin da ya sa girman jiki ke da muhimmanci shi ne baki. Amani ya fi zuba ƙwai a lokacin ɓuɓɓugowa. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana guda, ɗan kifin ya fito da 'yar jakar gwaiduwa da za ta riƙe shi kwanaki ƙalilan. Idan ta ƙare dole ya sami abin da zai shiga ɗan mitsitsin bakinsa. Abin da ya dace da shi a ranakun farko shi ne ƙwan kofefod da jariransu. Yana girma yana buƙatar wanda ya fi wannan, can gaba kuma wanda ya fi. Kamar yaye ne, daga nono zuwa kunu, daga kunu zuwa tuwo, kuma ba a tsallake mataki. Idan ruwa ya cika da abinci amma duk girmansa ɗaya, yunwa za ta kashe ɗan kifin a tsakiyar wadata. Tun 1914 Johan Hjort na Norwe ya kawo ra'ayin cewa a waɗannan kwanaki na farko ne ake yanke ko kifin wata shekara zai yi yawa. David Cushing na Ingila ya ƙara da cewa abin dubawa shi ne dacewar lokacin ƙyanƙyasa da lokacin bunƙasar abinci. Saɓanin 'yan makonni a bana na iya zama rabin kwando a baɗi.

Akwai kuma lissafin dillalai. A kowane mataki na ci da ciyarwa, kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na abin da aka ci ke zama tsoka a jikin mai ci, sauran ya tafi a motsi da numfashi da abin da jiki ya fitar. Idan dayatom ne ke fage hanyar gajera ce: kofefod ya ci dayatom, amani ya ci kofefod, wani lokaci ma ya tace dayatom ɗin kai tsaye. Idan kuwa ƙananan nan ne irin Prochlorococcus, sun yi wa kofefod ƙanƙanta, sai wata ƙwayar halitta ta ci su, wata ta ci ta, sannan kofefod ya samu. Kowane ƙarin hannu na cin la'adarsa, la'adar kuwa tara ce cikin goma. Shi ya sa ruwa biyu za su iya haɗa abinci daidai wa daida, amma ɗaya ya ba da kifi ninkin ba ninkin na ɗayan.

Gaɓar Gana ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan wannan tsari ya goce. A 1972 an kama amani irin wanda ba a taɓa kamawa ba. Shekarar da ta biyo, 1973, sai ya yi ɓatan dabo, ya ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo. A daidai wannan lokaci wani kifi mai kaurin fata da ƙaya a gadon baya, Balistes, wanda da ba a damu da shi ba, ya cika ruwan tun daga Gana har Gini, ya yi kusan shekara 15 yana mulki kafin ya ja baya a ƙarshen shekarun 1980. Mata suka riƙa sa masa gishiri suna shanyawa, aka saba da cinsa. Mutanen Nijar da arewacin Nijeriya ba sa buƙatar a tuna musu mene ne 1973: shekarar babban fari ce. Wasu masanan da suka yi nazarin lamarin sun danganta shi da kamun da ya wuce kima haɗe da farin, domin koguna sun rage zuba ruwa da taki a teku, yanayin ruwan gaɓa ya sauya, abincin cikinsa ma ya sauya. Ruwan bai zama fanko ba, sai dai wanda ya ci gajiyarsa ba shi ne wanda tukunyarmu ta saba da shi ba.

Abin da ya fi damuna yau shi ne ɗumi. Masu binciken kifi a Tema sun shafe shekaru suna jan 'yar koma mai ƙananan idanu a teku, suna auna filankiton na dabba. George Wiafe na Jami'ar Gana da abokan aikinsa sun bi bayanan 1969 zuwa 1992, suka wallafa a 2008 cewa yawansu a lokacin babbar ɓuɓɓugowa ya yi ta raguwa yayin da ruwan saman teku ke ƙara ɗumi, suka kuma alaƙanta hakan da halin Calanoides carinatus, mai gudun zafi. Lissafin a bayyane yake. Idan kwanakin da ruwa ke sauka ƙasa da digiri 23 suka ragu, zaman wannan baƙo a gaɓa ya gajarta, zuriyar da zai haifa ta ragu, man da zai tara ya ragu. Ƙananan kofefod na iya cike gurbin a ƙidaya, amma ƙidayar kai daban, nauyin mai daban. Wanda aka ba ƙanzo a madadin tuwo an ba shi abinci, sai dai ba zai wuni yana noma da shi ba.

Wata gaɓa ta Afirka ta riga mu ganin ƙarshen irin wannan hanya. A Namibiya an kama sadin, dangin amani, fiye da tan miliyan guda a 1968, aka ci gaba da kamu har ya ruguje a shekarun 1970. Masana na ganin filankiton na tsiro da suka rasa mai cinsu sun riƙa nitsewa suna ruɓewa, suna shanye oksijin ɗin ruwan ƙasa. Gurbin kifin kuma ya koma hannun lemar-ruwa, halittar nan mai taushi da siffar lema, mai harbi idan an taɓa ta. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta nauyinta a ruwan Namibiya da tan miliyan 12, na kifi kuwa bai kai miliyan 4 ba. Ita ma filankiton ce, kuma tana cin ƙwan kifi da 'ya'yansa, don haka idan ta sami wuri da wuya ta saki.

Ɗumamar teku ta fi ƙarfin masunci a Chorkor, amma akwai abin da ke hannunmu. Duk mazaunin Ankara ya san warin tafkin Korle, inda kogin Odaw ke juye dattin birni kafin ya shiga teku. Ruwan ƙazanta na ɗauke da naitirojin da fosfaras masu yawa, silika kuwa daga duwatsu da ƙasa koguna ke wanko ta. Idan aka ƙara biyun farko ba a ƙara ta ukun ba, an yi wa masu bulala gata an tauye dayatom, kuma a cikin masu bulala ne ake samun mafi yawan nau'o'in da ke da dafi. A gefe guda ga kamun da ba ya ƙyale ƙanana: koma mai matsattsun idanu, kamun fitila da dare, da cinikin saiko da aka sha yi a baya, inda manyan jirage masu jan taru suka riƙa kwashe kifin da ba nasu ba, suna daskarar da shi suna sayar wa ƙananan jirage a tsakiyar teku. Amani ne ke kiwon wannan gona yana daidaita ta. Idan ya ƙare wani ne zai shigo kiwon, kamar yadda Namibiya ta gani.

Masuntan gaɓar nan sun daɗe da sanin cewa ruwa na buƙatar hutu. A garuruwa da yawa ba a fita kamu ranar Talata, a Elmina kuma akan hana kamu a tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue, wanda ake yi Talatar farko ta Yuli, daidai bakin shigowar sanyi. Gwamnati ta ɗora nata a kai: a 2019 aka fara rufe teku ga ƙananan jirage na wata guda, a 2021 aka sa rufewar a Yuli don ta kusanci lokacin zuba ƙwai. Na ji koken masunta da matan banda a kan wannan, kuma kokensu na da tushe, don wata guda babu kamu wata guda ne babu kuɗin cefane. Abin da nake gani shi ne rufewar da aka ɗaure da kalanda na iya saɓa wa teku, domin wata shekara ɓuɓɓugowa ta zo da wuri, wata ta makara. Mai gaya mana ranar da ta zo, da ƙarfinta, da ko abincin 'ya'yan kifi ya iso, shi ne ma'aunin zafi da kwalbar filankiton.

Wannan aiki ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da yake karewa: jirgi ƙarami, koma mai ƙananan idanu, kwalabe, madubin likita, da mutum mai haƙurin zama ya ƙirga ya rarrabe, mako bayan mako, shekara bayan shekara. Ingila na da irin wannan ƙidaya tun 1931, da wata na'ura da Alister Hardy ya ƙera wadda jiragen kasuwanci ke ja a bayansu, kuma da ita aka gano cewa kofefod masu son ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 a arewa maso gabashin Atlantika cikin shekara 40. Darajar irin wannan lissafi na cikin rashin yankewarsa, don shekarar da ba a auna ba ta tafi ke nan. Ina fata a cikin 'ya'yan zango da ke karatun kimiyya a Legon da Cape Coast a sami waɗanda za su zaɓi wannan fanni, su kuma dawo su bayyana shi da harshen da iyayenmu mata ke ciniki da shi a kasuwa. Su ne ke fara sanin cewa amani ya yi tsada, kuma sun cancanci sanin dalili.